Ranar Da Gatawa Ta Tsallake Layi

Butar shayin Malam Lauwali ce ta jawo mana komai, ko da yake har gobe idan ka tambaye shi zai ce inbata, na'urar da ke riƙe mana wuta, ita ce ta tsufa. Shi ne incajin ɗan asibitin yara da nake aiki a Isa. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya makara, amma Allah ya jarrabe shi da son shayi mai zafi. Sau uku ina liƙa takarda a kan soket ɗin ofishina cewa wannan layin na babbar kwamfuta ne, kada a jona komai. Ranar Talata da safe, ranar rigakafi, ya shigo ya ɗaga takardar nan cikin ladabi, ya jona butarsa a ƙarƙashinta. Inbata ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke, kwamfuta ta mutu tana tsakiyar aiki.

Ni ce Ikilima, mai kula da rumbun bayanan asibitin. Duk yaron da aka taɓa kawowa wurinmu, ko wurin 'yan'uwanmu na reshen Sabon Birni, yana cikin kwamfutar nan: sunansa, ranar haihuwarsa, allurar da aka yi masa da wadda ta rage, har da hoton takardar da nas ta rubuta da hannunta. Da wuta ta dawo na kunna, rumbun ya ƙi buɗuwa. Na gwada sau biyu, ya nuna mini jan rubutu mai nufin ya lalace. Na juya na kalli Malam Lauwali, shi kuma ya kalli silin.

Hankalina bai tashi sosai ba, don kowace yamma kafin in tashi sai na kwafe rumbun gaba ɗaya a wani faifan ajiya da nake kullewa a durowa. Kwafin jiya yana nan lafiya, kuma da safen ba a riga an shigar da kowa ba, saboda haka babu abin da ya salwanta. Matsalar lokaci ce. Kwamfutarmu tsohuwa ce, mayar mata da komai daga faifan nan zai cinye yinin kusan gaba ɗaya.

Malam Lauwali ya ce, “To, tunda haka na, a ba mata haƙuri su koma gida. In kin gama gyara sai su dawo wani mako.”

Na leƙa ta taga. Mata sun cika rumfa har sun malala gindin dogonyaro, kowace da goyo, wata da biyu. Can gefe ga motar Ɗanmusa direba, wadda take kwaso matan Tozai sau ɗaya a wata. Kowa ya san dokarsa: ƙarfe biyu yake tashi, ko da mutum ko babu, don ba mai son la'asar ta same shi a kan waccan hanyar a shekarun nan. Ga kuma ƙyanda da aka ce ta fara zagaya gidaje a Tozai. Wanda aka sallama yau, sai wata mai zuwa.

Na ce, “Malam, ba mu korar kowa. Ka ba ni awa guda, za ni buɗe maka ƙohwa.”

Ba cika baki na yi ba. Tun da na karɓi aikin nan na raba rumbun gunduma-gunduma, kamar gida mai zaure da ɗakuna. Tozai da ɗakinta, Turba da nata, cikin garin Isa da nasa, haka har ƙauyukan Sabon Birni. Idan na fara mayar da zauren, sai in riƙa mayar da ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kammala a buɗe shi a ci gaba da aiki, sauran suna tafe a baya. Na bayyana wa Malam Lauwali haka, ya gyaɗa kai da ƙarfi irin na wanda bai gane ba amma yana da laifi.

Na zauna na tsara layi, ina jin kaina ƙwarai. Tozai farko, tunda su ne masu mota. Sai Turba. Sai cikin garin Isa, wanda ya fi kowane girma, shi kaɗai yana cin kusan awa uku. Ƙauyukan Sabon Birni na jefa su can baya, Gatawa a ƙarshen ƙarshe, don su ranar Alhamis suke rigakafi. Ina tura wa Zayyanu, takwarana na reshen Sabon Birni, tsarin, sai ya kira yana ƙorafi.

“Ikilima, mi munka yi maki kinka sa mu wutsiya?”

Na ce, “Yau ba ku da layi, Zayyanu. Ka sha shayi. Amma ka duba inda za ka jona buta.”

Ƙarfe goma da 'yan mintuna ɗakin Tozai ya buɗe. Na ɗaga murya na ce matan Tozai su matso, aka yi ta guɗa kamar an kawo amarya. Aiki ya kankama. Mace ta faɗi lambar katinta ko sunan ɗanta, in duba in faɗa wa Sista Rahmatu allurar da ta rage, ita ta yi, ni in shigar. A gefen allon kuma wani koren layi yana ta rarrafe, yana nuna yadda sauran ɗakunan suke dawowa. Kafin sha ɗaya Turba ta buɗe, na saki na cikin gari ya fara tafiya. Malam Lauwali ya zo ya tsaya bayana yana gaya wa mutane cewa dama haka muka tsara.

Wajen sha biyu da rabi na ɗauka matan Tozai sun ƙare, sai ga wata ta taso daga bayan rumfa. Matashiya ce doguwa, ta ja mayafi har goshi, tana rungume da wani yaro mai kumatu wanda ya kama igiyar linzamin kwamfutata tun kafin uwarsa ta zauna. Ta ce sunanta Hajo.

Na ce, “Kawo kati.”

Ta ce, “Malama, kati ya ɓace ranar da munka baro ƙauyenmu. Wata huɗu ke nan muna Tozai.”

“Ba komai. Wata nawa garai?”

“Shina cikin na goma. Da kaka anka haihe shi, ana yankan gero.”

Sista Rahmatu har ta ɗauko allurar ƙyanda, sai Hajo ta ƙara wata magana a hankali. Ta ce akwai wata allura da aka taɓa yi masa, jikinsa ya kumbura, numfashinsa ya riƙa sarƙewa, malamar asibiti ta ce kada a sake yi masa irinta har abada, ta rubuta a kati. Wace allura ce? Ba ta sani ba. Sista Rahmatu ta mayar da abin hannunta cikin akwatin sanyi ta rufe.

Ta ce, “Ikilima, ba ni taɓa yaron ga sai na ga abin da anka rubuta.”

Gaskiyarta ce. Na gyara zama na ce wa Hajo, “Mi sunan yaro?”

Ta sunkuyar da kai.

Na ɗauka ba ta ji ba, na maimaita. Ta ƙara jan mayafi, ta ce da ƙyar, “Malam Ƙarami muka ce mai.”

“Wannan na gida na. Sunan yanka ni ka so.”

Ta sake sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane: ɗan fari ne. Kuma tunda Malam Ƙarami ake ce masa, sunan surukinta ya ci, kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Na ce to ta faɗi sunan ubansa. Wannan karon har ta juya mini gefe, matan da ke kusa suka tuntsire da dariya, wata ta ce, “Malama, ke ma dai! Sunan mijinta za ta hwaɗa maki cikin mutane?” Na tambayi matan Tozai, suka ce su ma Malam Ƙarami suka sani, baƙi ne, mijin kuma Na-Hajo ake kiransa a unguwar, ya tafi ci-rani, ba shi da waya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, kuma ba duka laifin Hajo ba ne. Ni ma 'yar fari ce. Shekarata talatin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin innata ba. Ranar da muka gama makaranta aka kira ni da lasifika in karɓi kyauta, na waiga in ga ko tana kallona, na tarar ta rufe fuska da mayafi. Abin ya daɗe yana cina. Saboda haka da na ga mayafin Hajo, muryata ta fi yadda ya kamata kaifi.

Na ce, “Ke, lahiyar ɗanki muka magana, ba wasa ba.”

Idanunta suka kawo ruwa, ta ƙara rungume yaron. Na ce a raina, to ai ba sai da ke ba. Na jero duk yara maza na Tozai da aka haifa da kaka, na bi su ɗaya-ɗaya. Duk na san iyayensu, yawancinsu ma yanzu suka bar gabana. Na duba Turba ko an yi kuskuren gunduma, babu. Na tambayi sunan ƙauyen da suka baro, ashe shi ma ƙarƙashin Tozai yake a rumbuna, kuma babu yaron a ciki. Ƙarfe ɗaya ta kusa. A waje Ɗanmusa ya buɗe gaban mota yana zuba ruwa, alamar shiri ke nan.

Inna Zainaba ungozoma tana zaune bakin ƙofa tun ɗazu tana ɓare gyaɗa. Tsohuwa ce da ta yanke cibiyar rabin mutanen unguwarmu, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa kwamfuta ta fi ta sanin yara ba. Ta watsa gyaɗa a baki ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Wagga 'yar boko. Ke kanki ina anka haihe ki?”

“Turba. Inna, aiki ni kai.”

“Gidan ubanku Turba shi ke?”

“A'a, nan Isa. Innata ce tat tahi gida haihuwa, tunda ni ce ta hwari…”

Ban ƙarasa ba na ji kunya ta rufe ni. Innata ma 'Yar Turba take kirana, kullum, safe da yamma. Kowa a ƙasar nan ya san mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, a can a yi wanka, a can a yi suna, a can a fara kai jariri asibiti. Kowa ya sani, har da ni, amma da na zo tsara layi sai na bi inda mutane suke zaune, na manta inda aka fara rubuta su.

Na juya na ce, “Hajo, ina gidanku?”

Wannan kam ta amsa da sauri, har da ɗan murmushi. “Gatawa.”

Gatawa, wadda na jefa ƙarshen layi da hannuna.

Na dubi koren layin. Ɗakin cikin gari ya wuce rabi, sai biyu saura kwata zai kammala. Gatawa tana buƙatar kusan minti hamsin. Idan na jira, mota ta tafi. Idan na tsayar da na cikin gari, ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai a sake shi daga farko, matan Isa da suka zauna tun safe su kai har bayan la'asar. Malam Lauwali ya ce shi ba ruwansa, in fita in gaya musu da bakina.

Na fita ina shakka, don a cikinsu akwai Hajiya Sadiya mai ƙuli-ƙuli, wadda muryarta ke kaiwa kasuwa daga gidanta. Na tsaya tsakiyar rumfa na faɗi gaskiya: ni na yi kuskuren layi, ga yaro, ga ƙyanda a Tozai, ga mota, ga abin da zai ci musu. Hajiya Sadiya ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta leƙa ofis ta ƙare wa Hajo kallo.

Ta ce, “Ɗan hwari na?”

Na ce, “Shi na.”

“Kuma ta ƙi hwaɗin suna?”

“Ta ƙi.”

“Madalla da ɗiyar mutane! Ashe da sauran masu kunya a duniya.” Ta juya ga sauran. “Mu nan gida mu ke, ba mota muka jira ba. Abincin rana ɗai zai makara, maza su ci haƙuri yau. Ke Malama, ba Gatawa hanya. Amma shi mai butar shayi, a gaya mai mun ji labari, shi za ya sawo muna ruwan sanyi.”

Rumfa ta kaure da shewa. Malam Lauwali, wanda ya ɗauka asirinsa a rufe yake, ya fita da kansa ya tare mai ruwa a bakin titi.

Ƙarfe ɗaya daidai na tsayar da na cikin gari na saki Gatawa. Tozai da Turba suna buɗe abinsu, Sista Rahmatu ta ci gaba da sallamar ragowar matan Turba, ba wanda ya tsaya. Aka kira azahar, muka yi salla bi da bi, ni dai ina sallamewa na koma gaban allo. Ban taɓa ganin abu mai nawa irin koren layin nan ba. Malam Ƙarami ya gaji da igiyar linzami ya koma cin gefen mayafina. Biyu saura kwata Ɗanmusa ya danna ham, matan Tozai suka fara hawa mota.

Ya leƙo ta taga ya ce, “Malama, ni hwa ƙarhe biyu ni ka tashi. Kin san hanya.”

Na ce, “Na sani, Ɗanmusa. Minti goma.”

Biyu saura minti goma sha biyu Gatawa ta buɗe. Na jero yara maza da aka haifa da kaka, suka fito su goma sha ɗaya. Zayyanu, Allah ya shirye shi, bai cika gurbin sunan uwa ba ko ɗaya, sunan yaro da na uba kawai ya rubuta, wato daidai sunaye biyun da Hajo ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Hoton takardar kowane yaro kuma yana ɗaukar kusan minti biyu kafin ya buɗe, saboda kwamfutar tana fama da sauran aikin. Ba ni da lokacin buɗe goma sha ɗaya.

Inna Zainaba ta taso ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta. Ta ce, “Ke karanta su da ƙarhi. Ita ba sai ta ce komi ba. Ni ina kallon ta.”

Mata suka cika ƙofa da taga. Na fara karantawa. Abbas ɗan Amiru: Hajo tana kallona ido cikin ido. Ikramu ɗan Lawwali: ko gezau. Na uku, na huɗu, na biyar, tana ta jijjiga yaro kamar ba da ita ake ba. Ham ya sake tashi a waje. Na shida. Na bakwai na ce, “Hafizullahi ɗan…”

Ban kai ga sunan uban ba Hajo ta fizgi mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta dunƙule a kan benci. Yaron kuwa, da ya ji sunan da ubansa ke raɗa masa, ya saki mayafina ya juyo ya washe mini haƙoransa biyu.

“Ga shi nan!” in ji Inna Zainaba, ofis ya ɗauki guɗa.

Na buɗe takardarsa. Ranar haihuwa ta yi daidai, ga kuma rubutun nas ɗin Sabon Birni da jan biro: allurar da ta kumbura shi ta maganin ciwon ƙirji ce da aka yi masa yana wata huɗu, ba ta rigakafi ba. Sista Rahmatu ta karanta sau biyu, ta buɗe akwatin sanyi. Hafizullahi ya tsala ihun da ya isa har mota. Na rubuta sabon kati, na sa sunan waccan allurar da manyan haruffa, na mayar da bayanansa ɗakin Tozai don kada a sake nemansa a Gatawa. Sista ta ce dole a zauna a ga yadda jikinsa zai karɓa kafin a tafi. Ɗanmusa ya buɗe baki zai yi magana, Hajiya Sadiya ta je ta zauna a kan gaban motarsa tana shan ruwan Malam Lauwali. A tarihin motar nan, ranar ce kaɗai ta tashi biyu da kwata.

Amma ni ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Lokacin da Hajo ta dunƙule, ni ce a zaune ƙasa-ƙasa kusa da ita, kuma mayafin bai rufe ta gefena ba. Na ga fuskar da take ɓoyewa. Murmushi take yi har kunne, idanunta a rufe, leɓɓanta suna maimaita sunan ba sauti, kamar mai tsotsar alewa ba ta so ta ƙare. Ban taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashin mayafin ba, sai ranar.

Na sake sakin ɗakin cikin gari daga farko, matan Isa suka baje tabarmi suna hira. Kafin koren layin ya yi nisa na ɗauki waya na fita bayan ofis na kira innata. Ta ɗauka ta ce, “Wa ke nan?” alhali ta san lambata sarai.

Na ce, “Inna, Ikilima ce.”

Ina jin motsin mayafi a jikin wayar.

Ta ce, “'Yar Turba, kin ci abinci?”

Na ce ban ci ba tukuna, amma ina nan tafe.